Dakon ci gaban labari: Abin da shekara 18 na jiran Tambu suka koya wa masu karatu

Duk wanda ya taɓa sayen littafin Hausa kashi na ɗaya, ya kai shafin ƙarshe a daidai inda labari ya ɗauki zafi, sannan ya yi ta sintiri wurin mai sayar da littattafai yana tambayar ko na biyun ya fito, ya san ɗacin jira. Sai dai jiran makonni ko watanni ba komai ba ne idan aka kwatanta da abin da masoya littafin Nervous Conditions suka gani. Marubuciyar ƙasar Zimbabuwe, Tsitsi Dangarembga, ta fitar da wannan littafi nata na farko a 1988, amma ci gabansa bai fito ba sai 2006, wato bayan shekara 18. Na ukun kuwa sai a 2018. Labarin wannan dogon jira yana bayyana abubuwa uku: dalilin da ke sa masu karatu su nace, abin da ke jinkirta marubuci, da kuma yadda ya kamata a tarbi littafin idan ya iso.

Inda aka bar Tambu

Littafin ya ba da labarin Tambudzai, wadda ake kira Tambu, yarinya 'yar ƙabilar Shona da ta taso a ƙauye a zamanin da ƙasar ke amsa sunan Rodeshiya, ƙarƙashin mulkin tsirarun fararen fata. Iyayenta matalauta ne, kuma ɗan abin da ake da shi na kuɗin makaranta yayanta Nhamo aka kashe wa, domin shi ne namiji. Sai da Nhamo ya rasu sannan aka ba ta gurbinsa a makarantar mishan da baffanta Babamukuru ke shugabanta. A gidan baffan ta shaƙu da 'yarsa Nyasha, wadda ta yi ƙuruciya a Ingila, ta dawo tana fama da al'adu biyu da suka ƙi jituwa a ranta, har lafiyarta ta taɓu.

Labarin ya ƙare ne a lokacin da Tambu ta sami gurbin karatu a wata makarantar 'yan mata ta mabiya ɗarikar Katolika, wadda akasarin ɗalibanta fararen fata ne. Nan marubuciyar ta ajiye alƙalami, ta bar tambaya a zukatan jama'a: shin ilimin da Tambu ta sha wuya a kansa zai 'yantar da ita, ko kuwa zai raba ta da tushenta?

Shi kansa littafin da ƙyar ya ga hasken rana. Kamfanonin ɗab'i na Zimbabuwe sun ƙi karɓarsa, sai wani kamfanin mata da ke Landan, The Women's Press, ya buga shi. Ya zama littafin ƙagaggen labari na farko da baƙar mace 'yar Zimbabuwe ta wallafa da Turanci, kuma a 1989 ya ci kyautar marubutan ƙungiyar ƙasashe renon Ingila a ɓangaren Afirka. Daga nan ya shiga manhajar jami'o'i a ƙasashe da dama.

Me ke jinkirta marubuci?

Abu na farko shi ne neman abinci. Farin jinin littafi ba ya nufin mai shi ya yi arziki, musamman a Afirka, inda kasuwar littafi ke da rauni, ga kuma masu satar fasaha. Bayan fitowar littafinta, Dangarembga ta tafi birnin Berlin na Jamus ta karanci harkar fim. Ita ta rubuta labarin fim ɗin Neria na 1993, ta kuma ba da umarni a fim ɗin Everyone's Child na 1996. Shekarun da masu karatu suka ɗauka ta yi shiru, aiki take yi a wani fagen.

Na biyu shi ne samun mai bugawa. Ci gaban labarin, The Book of Not, ya fito ne ta hannun Ayebia Clarke, ƙaramin kamfani a Birtaniya wanda wata 'yar ƙasar Gana ta kafa. Na ukun, This Mournable Body, ya fara fitowa a Amurka a 2018, kafin kamfanin Faber ya buga shi a Birtaniya a 2020. Littattafai uku, kowanne ya fara fitowa daga kamfani daban, kuma duk a wajen ƙasar da labarin ya faru.

Na uku shi ne nauyin nasara. Marubuci yakan rubuta littafinsa na farko ba wanda ya san shi, ba wanda ke leƙen kafaɗarsa. Na biyun kuwa yana rubuta shi ne idon duniya a kansa, kowa da irin ƙarshen da ya riga ya tsara wa jarumar a zuciyarsa. Ba kowa wannan nauyi ke dannewa ba: Chinua Achebe ya fitar da Things Fall Apart a 1958, bayan shekara biyu kacal ya biyo da No Longer at Ease, labarin Obi, jikan Okonkwo. Amma masoya Patrick Rothfuss na Amurka, wanda ya fara da The Name of the Wind a 2007, ya biyo da na biyu a 2011, sun shafe fiye da shekara goma suna dakon na uku.

Abin da jira ya haifar

Waɗanda suka yi fatan ganin Tambu ta yi nasara sun sha mamaki. The Book of Not ya faru ne a tsakiyar yaƙin neman 'yanci na shekarun 1970, kuma tun a farkonsa ƙanwarta Netsai ta rasa ƙafa sakamakon fashewar nakiya. A makaranta Tambu ta fi kowa sakamako a jarrabawa, amma kofin girmamawa sai aka miƙa wa wata Baturiya. A littafi na uku an same ta ta manyanta, ba aikin yi, tana zaune a gidan kwanan 'yan mata a Harare, cike da ɗacin rai, a ƙasar da ta sami 'yanci tun 1980 amma alkawuran 'yancin suka ƙi cika.

Wannan ba shi ne ƙarshen da mutane da yawa suka so ba. Sai dai a nan amfanin jinkirin yake. Da a 1990 aka rubuta ci gaban, marubuciyar ba za ta ga taɓarɓarewar tattalin arzikin da ya biyo baya ba, balle ta auna rayuwar Tambu da shi. A 2020 littafin na uku ya shiga jerin shida na ƙarshe na kyautar Booker. A shekarar ce kuma aka kama ta a Harare saboda zanga-zangar lumana. Wata kotu ta same ta da laifi a 2022, babbar kotu ta soke hukuncin a 2023.

Hattara da zumuɗi

Ba kowane jira ke ƙarewa haka ba. Harper Lee ta Amurka ta fitar da To Kill a Mockingbird a 1960, ta ci kyautar Pulitzer a 1961, sannan ta yi shiru shekara 55. A watan Yulin 2015 aka fitar da Go Set a Watchman, aka tallata shi a matsayin ci gaba. Gaskiyar magana, rubutun ya girmi littafin farko: daftari ne na shekarun 1950 wanda daga cikinsa aka tace shahararren littafin. Masu karatu da yawa sun kaɗu da suka ga lauya Atticus Finch, wanda suka ɗauka gwarzon adalci, yana goyon bayan wariyar launin fata. An kuma yi ta muhawara kan ko marubuciyar, wadda tsufa ya kama, ta amince da fitar da shi da cikakken sani. Ta rasu a watan Fabrairun 2016.

Saboda haka, mai dakon ci gaban littafi yana da tambayoyin da ya dace ya yi kafin ya saya: yaushe aka rubuta shi, kuma da yardar wa aka fitar da shi? Yana da kyau ya sake karanta na farkon, domin abin da ya rage a ƙwaƙwalwa bayan shekaru sau da yawa ya sha bamban da abin da ke kan takarda. Ya kuma tuna cewa yarinyar da ta karanta labarin Tambu tana aji ɗaya a jami'a a 1988, ta kusa shekara hamsin lokacin da na ukun ya fito. Ita ma ta canza, kamar yadda marubuciyar ta canza.

Akwai kuma hakkin da ke kan mai karatu. Marubucin da ake ɗaukar hoton littafinsa ana rabawa kyauta a waya ba zai sami sukunin zama ya rubuta na biyu ba. Wanda ke son jin ƙarshen labari, hanya mafi kusa ita ce ya sayi farkonsa da kuɗinsa.