THX, Dolby da “5000W”: Wane tambari ne ke da amfani a jikin hom tiyata?

Duk wanda ya je sayen kayan sauti a Sabon Gari ko Beirut Road ya san yadda kwalin hom tiyata yake: tambura jere kamar lambobin yabo a ƙirjin soja. Ga Dolby, ga DTS, ga Hi-Res, ga CE a gefe, sannan ga wata lamba da manyan haruffa, “5000W PMPO”. Mai shago zai ƙure murya har ƙirjinka ya riƙa amsawa, ya nuna maka tambarin ya ce ai ka ga shaida. Shaidar me? Waɗannan tambura ba abu ɗaya suke faɗa ba. Wani gwaji ne na gaske, wani lasisi ne da kamfani ya biya, wani kuma fenti ne kawai.

Mu fara da babbansu. An kafa THX a Amurka a 1983, a ƙarƙashin kamfanin Lucasfilm. George Lucas yana so fim ɗinsa Return of the Jedi ya fito a gidajen sinima da sautin da aka haɗa shi a situdiyo, sai injiniyansa Tomlinson Holman ya tsara ƙa'idojin da sinima za ta cika kafin a ba ta shaida. Daga baya aka faɗaɗa abin zuwa kayan gida. THX ba nau'in sauti ba ne, jarrabawa ce. Kamfani zai kai amfilifaya ko sifika a auna: shin za ta iya kai ƙarar sinima, wadda ƙololuwarta desibel 105 ce, ba tare da muryar ta dagule ba? Shin tana miƙa wa wufa duk sautin da ya gaza haz 80, ta bar sauran ga ƙananan sifiku? In ta ci, a ba ta tambari.

A shekarun 1990 wannan ya yi amfani ƙwarai, domin mai saye ba shi da inda zai bincika. Yau manyan kamfanoni da dama ba sa kai kayansu gwajin, saboda kuɗi ake biya, kuma akwai kaya masu kyau da ba su da shi. Shi kansa THX tun 2016 ya koma hannun Razer, kamfanin da ya yi suna da kayan wasan gem.

Ga kuma abin da ya fi shafarmu. Matakin THX Ultra an tsara shi ne don falo mai girman ƙafa 20 da 15, rufinsa ƙafa 10. Ɗakin saurayi a Yakasai ko Mandawari, ko shagon da ke jikin zaure, da wuya ya kai rabin haka. Kuma a lungun cikin gari katangarka ita ce katangar maƙwabcinka, masallaci na nan taku kaɗan. Wa zai saki desibel 105 bayan isha'i ya kwana lafiya da dattawan unguwa? Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce iyakar da kunnen babba zai jure ba tare da illa ba ita ce desibel 80 na awa 40 a mako. Wanda ya ƙara kuɗi don THX a irin wannan ɗaki ya sayi ƙarfin da ba zai taɓa murɗawa ya kai ba. In ka samu na hannu mai tambarin a farashi mai sauƙi, alama ce ta cewa an ƙera shi da kyau, ka ɗauka. Amma ba abin da za ka ci bashi a kansa ba ne.

Dolby da DTS labarinsu daban. Tambarinsu yana nufin na'urar tana iya karanta sautin da aka shirya da tsarinsu, ta raba shi ga sifiku. Bai ce komai a kan ingancin sifikar ba. Shi ya sa za ka ga Dolby Atmos a babbar sinima, ka kuma gan shi a saitin wayar Samsung da ke aljihunka. Atmos ya fito a 2012 da fim ɗin Brave, kuma abin da ya ƙara shi ne sautin da ke zuwa daga sama. Dogayen sifikun nan na ƙasan talabijin suna kwaikwayon hakan ta hanyar harba sauti zuwa silin ya dawo kunnenka. Dabarar tana buƙatar silin shafaffe mai tauri. A tsohon soro mai rufin azara ko ɗaurin guga, sautin warwatsewa zai yi, ba zai sauko inda kake zaune ba.

Sai tambayar da masu shago ba sa yi maka: me za ka kalla, kuma ta ina zai shiga? Mafi yawanmu daga waya muke kunna komai. Labarina ko Izzar So a YouTube, fim ɗin Indiya mai fassarar Hausa da aka tura maka a wajen masu dawunlodin, waƙa a Audiomack, karatun malamai. Kusan dukansu sitiriyo ne, wato hanya biyu, hagu da dama, kuma fayilolin da ake turawa an matse su don kada su cinye memori. Idan ka haɗa wayar da Bluetooth, ko da fim ɗin yana ɗauke da sautin hanya shida, biyu ne za su isa. Sifiku biyar ɗin da ka jera za su yi ƙara, amma abu ɗaya ake rarraba musu. Kafin ka ji Atmos na gaske sai fim ɗin ya zo da shi, manhajar ta ba ka shi (a Netflix sai tsarin biya mafi tsada), talabijin ɗin ta iya miƙa shi, sannan ka haɗa da wayar HDMI ta ramin da aka rubuta ARC ko eARC. Ɗaya ya ɓace, tambarin ya zama ado.

Hi-Res Audio tambari ne na wata ƙungiyar masana sauti ta Japan, tun 2014. Sharaɗinsa sifika ta iya fitar da sauti har kilohaz 40. Kunnen ɗan Adam a 20 yake tsayawa.

Wanda ya fi cutar da jama'a shi ne PMPO. Babu wata tsayayyar ƙa'ida ta auna shi, kowane kamfani abin da ya ga dama yake rubutawa. Ma'aunin da ake iya dogara da shi RMS ne, wato ƙarfin da na'ura ke iya bayarwa a ɗore. Tun 1974 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta tilasta wa masu ƙera amfilifaya su faɗi irin wannan ƙarfin. Gwajin da za ka yi a shago bai wuce minti ɗaya ba: juya wufar, karanta ƙaramar takardar da ke kusa da wayar wuta. In ta ce na'urar wat 60 take sha, kwali kuma ya ce 5000, to ka san inda aka dosa, domin na'ura ba ta fitar da fiye da abin da ta sha. Kuma ninka wat sau biyu desibel 3 kacal yake ƙarawa. Kafin kunne ya ji ƙara ta ninka, sai wat ya ninka kusan sau 10.

A ganina, takardar bayan nan ta fi duk tamburan gaba muhimmanci a Kano. Wutarmu bolt 230 ce, amma kowa ya san yadda take hawa da sauka, ga janareta, ga inbatar sola mai arha da ke sa sifika gurnani. Na'urar da aka rubuta wa 100–240V ta fi jure wannan hali. Kayan gwanjo da aka shigo da su daga Amurka kuwa da yawansu 120V ne. Amfilifaya mai THX ta gaske, in ka soka ta kai tsaye a soket ba tare da taransifomar rage wuta ba, hayaƙi za ka gani.

Ta fuskar hukuma, SON ce ke da alhakin ingancin kaya a Najeriya, kuma tun 2005 take da tsarin SONCAP na kayan da ake shigowa da su. Abin da ya fi damunta kada na'ura ta ja mutum ko ta tayar da gobara, ba daɗin sauti ba. CE kuma a yawancin kayan lantarki kamfani ne da kansa ke bugawa, yana cewa ya bi dokar Turai. Mai yin jabu da ya kwaikwayi sunan Sony ba zai gagara buga haruffa biyu ba.

Saboda haka in za ka je kasuwa, tafi da wayarka da abin da ka saba ji. Kunna wurin da mutum biyu ke hira a fim, a ƙarar da za ka iya saurara a gida, ka ji ko kalmomin suna fita ko wufa ta danne su. Rubuta lambar samfurin a Google ka ga ko tana shafin kamfanin, in babu ita can, tambarin Dolby ɗin ma abin tuhuma ne. In LG ne ko Hisense, tambayi katin garantin Fouani, wakilinsu a Najeriya. Ka sa mai shago ya rubuta lambar na'urar a rasit da kwanakin da ya yarda a dawo da ita, sannan ka ware kuɗin sitabilaiza daga cikin abin da ka tanada.