Curin Ƙwaƙwalwa A Ɗakin Gwaji: Ina Ƙwayoyin Mutanenmu?

A gidajenmu, idan tsoho ya fara manta sunan jikokinsa, ko ya fita masallaci ya kasa gane hanyar gida, sai a ce ruɗewar tsufa ce, wani lokacin ma a ɗora wa sammu. Likitoci kuwa cutar mantuwa suke kiranta, kuma Alzheimer ce ta fi yawa a cikin nau'o'inta. Abin da ya daɗe yana ɗaure masu bincike shi ne ba a yankar ƙwaƙwalwar mai rai don a leƙa.

Mafita ta fara bayyana a 2007, lokacin da Shinya Yamanaka na Japan ya mayar da ƙwayoyin fatar mutum zuwa ƙwayoyin asali, waɗanda ke iya rikiɗa su zama kowane irin nama. A 2013 Madeline Lancaster, a birnin Biyana, ta raini irin waɗannan ƙwayoyi har suka dunƙule suka zama ɗan curin ƙwaƙwalwa da bai kai ƙwayar wake ba. Ba shi da jijiyoyin jini, ba ya tunani, amma ana iya kallon yadda furotin ɗin tau da amiloyid ke taruwa a cikinsa, a kuma gwada magani.

Sai dai galibin ƙwayoyin da ake wannan aiki da su na Turawa ne, kuma bambancin ba ƙarami ba ne. Binciken da aka daɗe ana yi tsakanin Ibadan da Indiyanafolis ya nuna cewa ƙwayar gadon APOE4, wadda ke ninka haɗarin cutar a jikin Bature, ba ta da wannan ƙarfi a Yarabawa.

Wannan giɓi ne Mahmoud Bukar Maina, wanda ya yi digirinsa na farko a Jami'ar Maiduguri kafin ya tafi Jami'ar Sussex ta Ingila, ke ƙoƙarin cikewa. A 2021 ya kafa cibiyar BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, maƙwabciyar Maiduguri, da burin samar da ƙwayoyin asali daga 'yan Afirka.

Masu tsara kasafi a Abuja su lura da abu guda: curin na bukatar ɗumin digiri 37 na tsawon watanni ba yankewa. A Janairun 2021 maharan da suka fasa turakun lantarki sun jefa Maiduguri cikin duhu na lokaci mai tsawo, kuma sai a 2023 aka buɗe wa birnin tashar iskar gas. Janareto ya tsaya dare ɗaya, aikin wata shida na iya lalacewa.