In An Dakatar da Lasin Direban Ƙungiya

'Yan'uwa manoma, kaka ta yi. Motocin ƙungiyoyinmu za su kama hanyar Kano da gyaɗa da waken soya zuwa masana'antun mai na Bompai da Sharada, da fatu zuwa majemun Challawa. Dukiyar gidaje masu yawa tana bayan mota ɗaya, a hannun direba ɗaya. To, in aka kama shi a buge aka dakatar da lasinsa fa?

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana lissafta laifin direba da maki. Dokarta ta 2007 ta sa wa tuƙi cikin maye maki 5 da tarar naira 5,000, ta sa wa tuƙi ba lasin maki 10. Wanda ya tara maki 10 zuwa 14 sai a gargaɗe shi. Daga 15 zuwa 20 a dakatar da lasin. Daga 21 a janye shi. Maye kuwa ba burukutu da giya kaɗai ba ne, har da ƙwayoyin da ake sha don kore barci.

Waɗansu suna tambaya ko akwai takardar da za ta ba direba izinin zuwa aiki kawai kafin wa'adinsa ya cika. A jihohi da yawa na Amurka akwai irinta. Kotu ko ofishin lasin yakan ƙayyade masa sa'o'i da inda zai je, sau da yawa kuma a ɗaura wa motar na'urar da sai ya hura numfashi cikinta kafin ta tashi. Wannan tsarinsu ne. A wurinmu dakatarwa dakatarwa ce. Wanda ya ce ku kawo kuɗi ya samo muku “lasin wucin gadi” a bayan fage, cutarku zai yi. In mota ta yi haɗari a hannun wanda ba shi da lasin, kamfanin inshora yana iya ƙin biya, hasara ta hau kan ƙungiya.

Ga shawararmu:

1. Kowace ƙungiya ta tanadi direba na biyu mai lasin tun kafin lodi ya fara.
2. Magatakarda ya duba lasin kowane direba da idonsa, ya rubuta ranar ƙarewarsa.
3. Wanda aka dakatar kada a ba shi makulli, ko da juya mota ne a bakin kasuwa.
4. Kada kuma a kore shi, gama yana da iyali. A sa shi awo, ko ƙirga buhuna, ko rakiyar kaya, dattawa kuma su riƙa zama da shi a kan maganar sha.

In wa'adi ya cika, ya je ofishin hukumar da kansa ya bi ƙa'ida. Sai ya nuna wa ƙungiya lasin a hannu kafin ya koma kan sitiyari.