Amfani da Tsarin BIM a Manyan Gine-ginen Kasuwanci: Misalin Hasumiyar Shanghai

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu bayyana wa mahalarta taro wani tsari da ya sauya yadda ake shirya manyan gine-ginen kasuwanci, irin su benayen ofisoshi da otal-otal da manyan kantuna. Turawa suna taƙaita sunansa da haruffa uku, BIM. Abin da ake nufi shi ne samfurin gini da aka ƙera a kwamfuta, wanda kowane sashensa yake ɗauke da bayanin kansa. Bayan mun faɗi ma'anarsa, za mu dubi yadda aka yi aiki da shi a Hasumiyar Shanghai ta ƙasar Sin, kana mu tsaya a kan tambayar da muke ganin ta fi sauran nauyi, watau wa ke biyan kuɗin wannan aiki, wa kuma ke cin moriyarsa.

2.0 Ma'ana da Asali

A zanen takarda, bango layi biyu ne kawai. Mai duba zanen shi ya san bango ake nufi. Idan mai zane ya matsar da taga a taswirar hawa na biyar, dole ya bi zanen fuskar ginin da jerin tagogi da lissafin kaya ya gyara su ɗaya bayan ɗaya, in kuwa ya manta da guda, sai a filin aiki za a gane. A samfurin BIM kuwa, kwamfuta ta san kaurin bangon, da abin da za a gina shi da shi, da tsawon lokacin da zai iya tare gobara. Daga wannan samfuri guda ake ciro kowane zane da kowane lissafi, saboda haka gyara ɗaya yana bin su duka.

Tunanin ya girmi kayan aikinsa. Tun a 1975 Charles Eastman na Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka ya yi rubutu a kan yadda kwamfuta za ta maye gurbin zane, amma kwamfutocin wancan zamani ba su da ƙarfin ɗaukar babban gini. Manhajar ArchiCAD ta fito daga ƙasar Hangari a shekarun 1980, Revit kuma a shekarar 2000, kamfanin Autodesk ya saye ta a 2002.

3.0 Inda Amfaninsa Ya Fi Bayyana

Duk wanda ya taɓa leƙa saman silin na babban bene ya san cunkoson da ke wurin. A ɗan wannan sarari bututun iska mai sanyi zai bi, da bututun ruwan kashe gobara, da wayoyin lantarki, da magudanar bayan gida wadda tilas ta tafi a gangare, ga kuma ƙarafan da ke ɗauke da hawan sama. Kowanne kamfani daban ne ya zana shi, kowa kuma a takardarsa hanya a buɗe take. Sai ranar da ma'aikata suka zo ɗora bututu su tarar da kankare a gabansu. Daga nan ko a fasa abin da aka zuba, ko a mayar da bututun da aka riga aka yanka, aiki ya tsaya, a shiga musayar takardu kan wanda zai biya. Bene mai hawa arba'in kuwa, kuskure ɗaya yana iya maimaita kansa a kowane hawa.

Da BIM, ana haɗa samfurin mai zanen gini da na injiniyoyi wuri guda, manhaja ta fito da duk inda abu biyu suka ci karo, a zauna a warware kafin a sayi buhun siminti ko ɗaya. Ana kuma iya ɗaura samfurin a kan jadawalin aiki, a ga abin da ya kamata ya tsaya a kowane mako.

4.0 Hasumiyar Shanghai

An fara wannan gini a 2008, aka kammala a 2015. Tsawonsa mita 632, hawa 128, kamfanin Gensler na Amurka ne ya zana shi. Yana da bangon gilashi biyu, na ciki da na waje, na wajen kuma yana murɗawa kimanin digiri 120 daga ƙasa zuwa sama, yana tsukewa. Masu zanen sun ce murɗawar ta rage ƙarfin bugun iska da kashi 24 cikin ɗari, abin da ya rage kuɗin kayan gini da kimanin dala miliyan 58.

A nan ya kamata mu yi hattara, domin sau da yawa akan jingina wannan riba ga BIM. Gwajin iska da lissafin siffa ne suka haifar da ita. Aikin BIM shi ne ya sa siffar ta ginu. Bangon waje yana da fallayen gilashi fiye da 20,000, masu siffa daban-daban fiye da 7,000. Babu ofishin da zai zana waɗannan da hannu ba tare da kuskure ba. Daga samfurin aka ɗauki awon kowane falle aka kai masana'anta, aka yanka, ya zo ya zauna a gurbinsa.

5.0 Wa Zai Biya?

Tsarin yana jawo wahalar aiki zuwa farkonsa. Shawarwarin da a da akan bari sai an isa fili, yanzu dole mai zane da injiniya su yanke su tun ana ofis, su sayi manhaja, su horar da ma'aikata. Amma wanda zai huta da fashe-fashen kankare ɗan kwangila ne, wanda kuɗinsa zai ragu kuma mai gini ne. In aka bar ladan mai zane yadda yake, to, kura ce da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, kuma ba abin mamaki ba ne ya yi samfurin da ya isa a nuna a taro amma bai isa a yi gini da shi ba.

Akwai kuma batun alhaki. Idan ɗan kwangila ya ɗauki awo daga samfurin injiniya, awon ya zo da kuskure, wa za a kama? Tsofaffin takardun kwangila zane mai sa hannu suka sani. Shi ya sa hukumomi suka shigo. Singafo ta wajabta miƙa samfurin BIM ga sababbin gine-gine da suka wuce murabba'in mita 5,000 daga 2015, Birtaniya ta wajabta shi a ayyukan gwamnatin tsakiya daga Afrilun 2016, sa'an nan a 2018 aka fitar da ƙa'idar duniya ta ISO 19650, wadda ta tsara yadda mai gini zai faɗi bayanan da yake bukata tun farko, da wanda zai kawo kowanne, da lokacinsa.

A ganinmu, wurin da aka fi sakaci shi ne ranar miƙa makulli. Bene na kasuwanci zai yi shekaru da dama ana haya a cikinsa, masu haya suna rushe bango suna ta da wani, ana sauya famfo da na'urorin sanyaya ɗaki. Samfurin zai yi wa masu kula da ginin amfani ne kawai in an gyara shi ya dace da abin da aka gina a zahiri, aka kuma miƙa shi a sigar da kowace manhaja za ta iya buɗewa, kamar sigar IFC wadda ta zama ƙa'idar duniya a 2013. Wannan gyara aiki ne mai cin kuɗi da lokaci, yana kuma zuwa ne daidai sa'ad da ɗan kwangila yake kwashe kayansa. Lalle ne a rubuta shi a takardar kwangila da farashinsa, a kuma riƙe wani kaso na biyan ƙarshe har sai an duba samfurin an karɓa.