Gombe Abba a Yini Ɗaya: Inda Za a Yi Tsimi da Inda Ba a Yi

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mutane da yawa a Gombe sun soke duk wata tafiya da ba ta biki, ta'aziyya ko kasuwa ba. To amma akwai ziyarar da ba ta fi ƙarfin mai ƙaramin albashi ba, wato zuwa Gombe Abba, tsohuwar hedikwatar masarauta da ke ƙaramar hukumar Dukku, a bakin kogin Gongola. Modibbo Buba Yero, wanda ya karɓi tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1804, a can ya kafa fadarsa, a can kuma aka binne shi bayan rasuwarsa a 1841. Turawa ne suka ɗauke hedikwatar zuwa Nafada a 1913, sannan zuwa Doma a 1919, inda birnin Gombe yake a yau. Yaran da ke karatu a makarantar Bubayero, nawa ne cikinsu aka taɓa kai su garin mai sunan? A ƙasar Sifaniya, mazauna Madrid kan shiga jirgin ƙasa na kusan rabin awa su wuni a Toledo, birnin da Musulmi suka mulka har 1085, su koma gida su kwana. Mu ba mu da jirgin, amma muna da motar Dukku.

Abin da ke sa irin wannan tafiya ta yi tsada shi ne kwana da sayen abinci a hanya, kuma duka biyun ana iya kauce musu. A yi guzuri daga gida, dambu ko ƙosai da burodi, da isasshen ruwan sha. Abokai ko 'yan ajin Islamiyya su haɗa kuɗi su ɗauki shatar mota guda, a yi ciniki kan zuwa da dawowa, kada a biya duka sai an dawo. A nan tsimi ya halatta. Inda bai halatta ba shi ne wajen zaɓen mota da lokaci, don araha ba ta ado. Wanda ya tsaya bakin titi ya tare motar da ba ta tasha ba saboda ragin 'yan nairori, ya shiga motar da babu wanda ya san direbanta, babu ƙungiyar da za a tambaya idan wani abu ya faru. A tasha kuwa a buɗe ido: ɗan kamasho na ihun "saura mutum ɗaya" alhali kujeru uku ne babu kowa, an cusa mutum biyu a gaba, buhunan masara sun danne bayan motar, tayar kuma ta suɗe har zare ya fito. Irin wannan a bar ta ta wuce. A fita bayan sallar asuba, a kamo hanyar gida da la'asar, domin motocin ƙauye suna ƙaranci da yamma, mai neman mota da magariba kuwa duk abin da aka yanka masa sai ya biya. Kuɗin dawowa a ware su a wani aljihu daban, kuma tsaba, don ba ko'ina sabis ke kamawa ba balle a tura kuɗi ta waya.

Wani zai ce me za a gani ban da tsohuwar ƙasa da kabari? Gaskiya ne, wanda ya je neman gine-ginen dutse irin na Toledo zai dawo da takaici, ginin ƙasa ba ya jure damina sama da ɗari babu yaɓe. Tarihin wurin yana bakin dattawa, shi ya sa ake fara isa fada a yi gaisuwa, a nemi izini da ɗan rakiya, a kuma tanadi ɗan goron da za a ba shi. Kada a ɗauki hoton mutane, musamman mata, ba da yardarsu ba, kada a ɓanɓari gini ko a ɗebi ƙasar kabari da sunan tabarruki. Wannan ya kawo mu ga masu ƙyamar tafiyar don gudun bidi'a. Malamai sun san ziyarar maƙabarta don tuna lahira da yi wa mamata addu'a. Abin da ake ja a kai shi ne roƙon mamaci, kuma babu wanda ya ce sai an yi shi kafin a san tarihin gari.

Batun tsaro ba a yi masa gaba-gaɗi. A tambayi direbobin hanyar halin da ake ciki kwana ɗaya kafin tafiya, a bar wa na gida lambar motar. Da damina Gongola kan cika ya yi ƙarfi, a hana yara wanka ko shiga kwalekwale. Sannan kada kwaɗayin cin riba biyu ya sa a haɗa da Bormi, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada a yaƙi da Turawa a watan Yulin 1903. Wancan yana wajen Bajoga ne, a ƙaramar hukumar Funakaye, hanyarsa daban, ranarsa ma daban.