Ba Kowane Zafin Jiki Ne Zazzaɓin Cizon Sauro Ba

Da damina ta sauka, sauro ya yi yawa, sai ka ga yara suna ta kwanciya da zafin jiki. Iyaye da yawa sukan ruga kemis su sayo magani ba tare da an duba yaron ba. Amma ciwon kunne, da ciwon huhu, da ƙyanda, duk suna kawo zafin jiki, maganin zazzaɓin cizon sauro kuwa ba ya warkar da su.

Shi ya sa tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada jini kafin a ba da magani. Gwajin ba wuya. Ma'aikacin lafiya zai ɗan soki yatsa, ya ɗiga jini a kan ɗan abin gwaji, cikin minti 20 an san gaskiya.

In ta tabbata zazzaɓin ne, kada a koma ga kulorokwin. Ƙwayoyin cutar sun daina jin sa, har Nijeriya ta sauya shi a 2005. Maganin yanzu, irin su Coartem, kwana 3 ake sha, safe da yamma, sau 6 ke nan, tare da abinci ko nono. Ko yaro ya tashi yana wasa a rana ta biyu, a ƙarasa masa duka, domin ragowar ƙwayoyin cuta su ne ke dawo da ciwo.

Iyaye, ku lura: yaron da ke jijjiga, ko ya kasa kama nono, ko yana amayar da duk abin da ya ci, a kai shi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Kowane dare kuma, yara da masu juna biyu su kwana cikin gidan sauro.