Shan Kwana a Kan Babur ɗin Tsere: Na Asali da Wanda Aka Rage wa Tsawo

1.0 Gabatarwa

Babur ɗin tsere, wato irin wanda aka ƙera musamman domin gudu, yakan zo da sirdi mai tudu. Sirdin Honda CBR600RR yana da nisan santimita 82 daga ƙasa, na Yamaha R6 kuwa 85. Wannan ne ya sa mahayin da ba shi da tsawo sosai yakan nemi makaniki ya rage wa babur ɗin tsawo, domin ƙafarsa ta riƙa taka ƙasa idan ya tsaya. Jama'a da dama suna zaton yin haka yana ƙara wa babur ƙwarin shan kwana, kamar yadda mota take ƙara zama daram idan ta yi ƙasa. A wannan darasi za a auna wannan zato, domin kuskure a kansa yana iya janyo asarar rai.

2.0 Yadda Babur Yake Shan Kwana

Mota tana shan kwana a kan tayoyi huɗu. Shi kuwa babur, tilas sai an karkata shi zuwa cikin kwanar. Wannan karkata ita take daidaita nauyin da ke jan babur ƙasa da ƙarfin da mahayi yake ji yana tura shi waje. Abubuwa biyu ne manya da suke ƙayyade yawanta: gudun babur da faɗin kwanar. Alal misali, a ɗauki kwana wadda, da za a cika da'irarta, nisan tsakiyarta zuwa bakinta zai kai mita 50. Mai gudun kilomita 60 a awa yana buƙatar karkata ta kusan digiri 30, mai gudun kilomita 80 kuwa sai ya kai digiri 45.

Ke nan rage tsawo ba ya rage karkatar da ake buƙata. Hasali ma yakan ɗan ƙara ta. Dalili shi ne, tayar babur ɗin tsere tana da faɗi, kuma idan aka karkata, wurin da take taɓa kwalta yakan koma gefen ciki. Babur ɗin da nauyinsa ya fi kusa da ƙasa sai ya ƙara kwanciya kafin ya cike wannan giɓi.

3.0 Abin da Ake Asara

Asara ta farko ita ce tazarar da ke tsakanin jikin babur da kwalta. Da zarar ta ragu, matakin ƙafa da salansa da ƙarfen da ake jingine babur a kai za su fara gugar ƙasa da wuri. Idan ƙarfe mai tauri ya daki kwalta, yana iya ɗage taya ta saki ƙasa, babur ya zame. A kwanar da aka ambata, idan iyakar karkata ta sauko daga digiri 45 zuwa 40, iyakar gudu ta faɗo ke nan daga kilomita 80 zuwa kimanin 73.

Ta biyu ita ce aikin shokozoba. Sau da yawa rage tsawo yana rage mata filin motsi, ga shi kuma nauyin kwana ya riga ya danne ta. Idan aka ci karo da gargada a tsakiyar kwana, sai taya ta yi tsalle maimakon ta manne da hanya.

Ta uku ta shafi sarrafa kan babur. In baya kaɗai aka sauke, babur yakan yi nauyin juyawa, ya riƙa fita waje. In kuwa gaba kaɗai aka sauke, yakan juya da sauri, amma ya rasa natsuwa a babban gudu. Irin wannan aiki shi Bahaushe yake kira gyaran gangar Abzinawa.

4.0 Abin da Ake Samu

Duk da haka, rage tsawo yana da amfaninsa. Mahayi yakan sami natsuwa wajen tsayawa da cikin cunkoso, sannan tayar gaba ba ta saurin ɗagawa idan aka fizgi babur. Saboda wannan fa'ida ta biyu ne kamfanin Ducati ya shigo da wata na'ura a gasar MotoGP, wadda take sauke bayan babur yayin fita daga kwana. Abin lura shi ne, da an taka birki domin kwana ta gaba, sai babur ya koma tsawonsa na asali. Wato masu tseren da suke karkata fiye da digiri 60 ba sa yarda su shiga kwana da babur a durƙushe.

5.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa babur mai tsawon asali ya fi wanda aka rage ƙarfin shan kwana. Wanda larura ta sa shi ragewa, zai fi kyau ya fara da rage kaurin sirdi, tun da wannan bai taɓa ƙirar babur ba. In kuwa sai an sauke jikinsa, to a sauke gaba da baya daidai wa daida, a rage tsawon ƙarfen jingina, sannan mahayi ya sassauta gudu kafin kowace kwana. Idan kiɗa ya sauya, dole rawa ma ta sauya.